Hagu Biyu

Litinin, 8 ga Mayu, 2006, bayan la'asar

Yau na fara kwarangwal da 'yan aji huɗu. Duk shekara wannan makon nake ɗoki. Na rubuta da Turanci, na koma gefe in sa musu da Hausa, alli ya karye daidai kan lanƙwasar ƙ ban kula ba. Ina juyowa na tarar aji ya kife da dariya. Ashe abin da ke kan allo shi ne: kashi ɗari biyu da shida ne a jikin mutum.

Halimatu Sa'adiyya, wadda ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, ta ce, "Malam, ɗari biyu da shida? Ai wannan sai asibiti."

Na yi dariya har na zauna a kan tebur. Na gyara, na ce su ga abin da 'yar lanƙwasa guda take tsare mana. Sai ta sake ɗaga hannu. "To Malam, a cikinsu wanne ne ƙashin arziki?" Na ce zan duba mata.

Joanna ma ta yi dariya. Rabona da ganin haƙoranta tun bayan ƙaramar Sallah, tun safiyar da babanta Hananiya da ƙanena Sammani suka fita buɗe ruwa a gonarsu ta tumatur, aka tsinci babur ɗin shi kaɗai a bakin babban kanal.

Inna kullum abin da take cewa ke nan, Sammani yana da ƙashin arziki, zai dawo.

Laraba, 10 ga Mayu, da hantsi

An rufe ruwa don yashe kanal. Hanyar makaranta duk warin laka, yara sai kamun tarwaɗa suke da hannu.

Na raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni zai gina ƙashi ɗaya da yumɓu, in sun bushe mu haɗa mutum guda a kan tabarma. Ba mu da kwarangwal na roba, amma muna da laka har ta yi yawa. Rukunin Mansura ƙoƙon kai, wasu haƙarƙari, rukuni biyu allon kafaɗa. An yi gardama kan haƙarƙari. Rabin aji sun rantse na maza bai kai na mata ba. Na ce kowa ta je gida ta kama ƙaninta ta ƙirga, sha biyu kowane gefe, namiji da mace.

Alhamis, 11 ga Mayu, da magariba

Masu yashe sun tsaya da aiki a kwalbatin da ke bi ta ƙarƙashin titi. An kira dagaci.

Juma'a, 12 ga Mayu, bayan masallaci

Buhu ɗaya aka cika da ƙasusuwa. Jami'ai sun zo sun gani, sun ce a kulle a gidan dagaci sai likita ya zo daga Kano. Ƙoƙon kai ɗaya ne, in ji waɗanda suka kwashe. Mutum ɗaya ke nan.

Mutum biyu suka fita.

A ƙofar masallaci Baballe, ɗan kawunmu, ya tare ni da abokansa a bayansa. Tare suka tashi da Sammani, ban taɓa ganin ɗaya ba ɗaya ba.

"Yaya Malam, ka ji ai. Ɗaya ne."

Na ce na ji.

"To ina ɗayan? Wani direba ya ce ya ga mai kama da Hananiya a tashar Zariya. Wallahi in ta tabbata Sammani ne a buhun nan, matar nan da 'ya'yanta ba za su sake kwana a garin nan ba."

Na ce, "Baballe, mai kama da shi ka ce. Ni ma an ce ina kama da mai sayar da rake a Kura."

Babu wanda ya yi dariya.

Shekara goma sha Hananiya yana garin nan. Daga Kagoro ya zo da fartanya ɗaya. Ranar sunan 'yar Sammani shi ya ɗauko kujeru a ka.

Asabar, 13 ga Mayu, da safe

Zuliha, matar Sammani, ta kawo mini koko da kanta. Ta ajiye, ba ta tafi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza bakin mayafi.

"Yaya, an ce kai ka san ƙashi."

Na ce na littafi na sani.

"In shi ne, ka gaya mini. In ba shi ba ne, ka gaya mini. Ni dai na gaji da rashin sanin irin kayan da zan sa."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ka tuna goronsa?"

Wa zai manta. Jaki ya kayar da shi yana ɗan shekara bakwai, sangalin hannun hagu ya karye, aka yi ɗori, ya warke da ƙulli kamar an ɓoye goro a ƙarƙashin fata. Yakan miƙa wa yara su taɓa, ya ce nasa ne ya ajiye don tsufa. Ni ma nakan kawo shi misali a aji: inda ƙashi ya karye ya haɗe, jiki yakan yi masa ɗamara.

Kokon ya huce ban sha ba.

Lahadi, 14 ga Mayu, bayan azahar

Dagaci ya aiko. Na je. Na sa hannu a buhun.

Lahadi, da magariba

Ƙoƙon kai, muƙamuƙi, ƙashin wuya, allon kafaɗa, haƙarƙari, ƙashin baya, ƙugu, cinya, ƙoƙon gwiwa, ƙwauri. Haka nake sa yara su rera. Na rera har na iso gida.

Ɗakin ba haske sosai. Ban zazzage buhun ba, baki kawai na buɗe. Dagaci yana tsaye a kaina, Baballe yana leƙe ta taga.

Dagaci ya ce, "Malam Suhaibu, me ka gani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai likita."

Na wanke hannu da sabulu har fata ta yi fari. Babban yatsana bai daina jin abin da ya taɓa ba.

Litinin, 15 ga Mayu, bayan an tashi

Gaɓoɓi. Na sa su lanƙwasa gwiwar hannu su ga hanya ɗaya take bi kamar ƙyauren ƙofa, sannan su juya kafaɗa su ga ita ko'ina tana zuwa, kamar taɓarya cikin turmi. Na nuna musu guringuntsi a kunnuwansu da kan hancinsu. Darasin ya yi kyau. Ina jin ya yi kyau.

Kujerar Joanna ba kowa.

Talata, 16 ga Mayu, da yamma

An jefi rufin Roda, matar Hananiya. Kwano ne, ƙarar har maƙwabta.

Na bi ta can a hanyar dawowa. Ta naɗe tabarmi, tukwane suna cikin buhu, ƙananan yaran suna zaune a kan kaya kamar masu jiran mota. Joanna ta gaishe ni daga cikin ɗaki, ba ta fito ba.

Roda ta ce, "Malam, ka shiga wurin, ko ba haka ba? Baban Joanna ne?"

Na ce likita zai zo.

"Ka san abin da nake roƙo a coci? Ina roƙo ya zama mijina ne. Ka taɓa jin mace ta roƙi haka? In shi ne, za su bar ni da yarana. In ba shi ba ne, sun ce ya kashe abokinsa ya gudu. Mutumin da ko kaza sai ya kira Baban Hamma ya yanka masa."

Baban Hamma take ce wa Sammani, da sunan ɗansa. Na ce ta kwance kayan. Ta ce in kwance su a ina?

Na yi mata sallama na tafi. Ni da nake da amsar komai a aji.

Laraba, 17 ga Mayu, da safe

Zuliha ta kawo koko. Ta dube ni, na dubi kokon.

Alhamis, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Likita bai zo ba. An ce mako mai zuwa. An kuma ce ranar Juma'a ta sama za a sako ruwa, manoman shinkafa sun matsa.

Inna ta kira ni. Ba ta faɗin sunana, ni ne na fari, "kai" take cewa ko "wannan". Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba.

"Kai, an ce ka je gidan dagaci."

Na ce na je.

"Ba shi ba ne."

Ba tambaya ta yi ba, don haka ban amsa ba. Ta ce yaron da jaki ya kayar bai mutu ba, ƙyanda ta kama shi bai mutu ba, ruwan kanal ne zai ci shi? Shi da yake iyo tun bai iya tsarki ba?

In na buɗe baki, kafin magariba an isa gidan Roda. In na yi shiru, Zuliha tana nan tsaye a bakin ƙofa, ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Shi kuma yana cikin buhun taki, ba wanka ba sallah.

Ƙoƙon kai, muƙamuƙi, ƙashin wuya, allon kafaɗa.

Asabar, 20 ga Mayu

Zafi. Ban fita ba.

Litinin, 22 ga Mayu, da azahar

Dole in rubuta wannan.

Yumɓun ya bushe. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar aji muka fara haɗa mutuminmu. Ƙoƙon kan Mansura ya fi kama da tulu, haƙarƙari wasu sun karye a hanya, aka yi ta tsiya. Aka zo kafaɗa. Rukuni biyu suka kawo nasu, kowanne ya yi kyau, har da tudun nan da ke ratsa bayan allon da ɗan kwarmin da kan damtse yake zama. Na ajiye ɗaya a hagu, ya zauna. Na ɗauki ɗayan zan sa a dama, ya ƙi. Na juya shi, kwarmin ya kalli ƙashin baya. Na kifa shi, tudun ya koma ciki.

Ashe duk su biyun hoto ɗaya suka kwafa daga littafi, littafin kuma na hagu kaɗai ya zana.

Na ce, "Kun gina mini mutum mai hagu biyu! Wannan da wane hannu zai ci tuwo?"

Halimatu Sa'adiyya ta karɓe su tana kare rukuninta, ta ɗora ɗaya a kan ɗaya. "Malam, ai ka ga sun dace. Kamar ludayi cikin ludayi."

Na ce, "Shi ne laifin. Na hagu da na dama ba sa shiga juna, fuskantar juna suke kamar tafin hannu. In kika ga biyu sun kwanta cikin juna haka, to gefe ɗaya ne, kuma..."

Ban ƙarasa ba.

A bakin buhun nan, a saman komai, wanda ya kwashe ya jera allon kafaɗa biyu, ɗaya cikin ɗaya, don su ci wuri kaɗan. Na gan su. Na ɗaga su tare da hannu ɗaya na ajiye gefe don in kai ga abin da nake nema. Hankalina yana kan sangali, ban tambayi kaina komai ba.

Na bar su da tabarmar. Ban ma ɗauki hulata ba.

Litinin, bayan la'asar

Na roƙi dagaci a fito da buhun tsakar gida, cikin haske, a kan farin ƙyalle. Na ce a kira liman, a kira Baballe. Dagaci ya ce Baballe kuma? Na ce shi musamman.

Na yi bisimilla na jera su yadda nake jera wa yara. Da yawa babu, ruwa ya tafi da su. Na ɗauko allunan biyu na miƙa wa Baballe.

"Riƙe. Sa wannan a bayan kafaɗarka ta hagu, tudun yana waje. Ya zauna?"

"Ya zauna."

"To sa ɗayan a dama."

Ya juya, ya sake juyawa. Ya ce, "Yaya Malam, wannan ma na hagu ne."

Na ce, "Kafaɗar hagu nawa gare ka?"

Ya tsaya da su a hannu. Liman ya ce innalillahi. Na jera ƙasusuwan cinya biyu da aka samu, ɗaya ya ɗara ɗaya da kusan faɗin yatsu uku. Hananiya dogo ne, kowa ya sani, Sammani yakan ce da shi ake tsinko mangwaro.

Sannan na ɗauki sangalin. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan na ƙanena ne. Ga goronsa. Tun ranar Lahadi waccan na sani."

Wannan ne karo na farko da na faɗa da baki. Ga shi na rubuta.

Dagaci ya ce gobe da sassafe kowa ya fito da shebur, a koma kwalbatin kafin a sako ruwa.

Talata, 23 ga Mayu, da yamma

Tun sassafe ake haƙa. Lakar can ciki har ƙugu, sai an sunkuya ake shiga. Wajen azahar aka sami ƙoƙon kai na biyu, can gaba da inda aka tsaya, a bayan wani kututture da ya toshe rabin hanyar.

Baballe ne ya fito da shi. Ya cire rigarsa ya naɗe shi a ciki. Ya tambaye ni wa zai kai wa Roda, na ce wanda ya ɗauko. Ya ce ba zai iya ba. Muka tafi tare, yana bayana.

Roda ta buɗe rigar ta dubi haƙoran gaba, akwai wushirya irin ta mijinta. Ta zauna a ƙasa. Abin da ta ce kawai, "Ashe kana nan kusa."

Baballe ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce, "Maman Joanna..." Sauran bai fito ba. Ba ta dube shi ba. Ban ga laifinta ba.

Wa ya fara faɗawa, wa ya bi shi, me ya kai su bakin kwalbatin da gonarsu take can sama, ƙashi bai faɗa ba. Na duba kawunan biyu da haƙarƙarin da aka samu, ban ga sara ko fashewa ba. Iyakar abin da na sani ke nan.

Laraba, 24 ga Mayu, da safe

Na gaya wa Zuliha a tsaye, a bakin ƙofar da take tsayawa. Ta ce, "Na gode, Yaya." Ta shiga ta cire 'yan kunne.

Inna tana kan tabarma. Na zauna kusa da ƙafarta.

"Ka taɓa wurin?"

"Na taɓa, Inna."

"Yana nan?"

"Yana nan."

Ta ce, "Ni na riƙe shi aka ɗora. Bai yi kuka ba sai da aka gama." Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Alhamis, 25 ga Mayu, bayan la'asar

Likita ya zo. Ya duba, ya auna, ya ce mutum biyu, maza, ya sa hannu a takarda. Manyan ƙasusuwa mun raba su da tsawo, ni da shi. Na dogo gefe, na gajere gefe.

Sai ƙananan. Na wuyan hannu, takwas-takwas ne a kowane hannu, kamar tsakuwa. Da na yatsu. An samu cikin tafi biyu, a haɗe. Likita ya ce ba shi da abin da zai bambanta su a nan. Ni ma na juya su na juya, babu.

A zauren gidanmu muke. Liman yana gefe, faston su Roda yana gefe, kowa yana jiran wani ya fara.

Daga cikin gida Inna ta aiko Zuliha ta faɗa ta bayan labule: a raba biyu, kowa ya ɗauki rabi. In na Sammani ya tafi can, ai hannun abokinsa ya bi. In na Hananiya ya zo nan, baƙo ne, za a karɓe shi.

Liman ya ce Allah ya san nasa, ba ya buƙatar mu ware masa. Fasto ya gyaɗa kai. Ni na raba. Ban ƙirga ba.

Juma'a, 26 ga Mayu

An yi sallah an kai Sammani bayan masallaci. Su Roda gobe. An sako ruwa.

Lahadi, 28 ga Mayu, da yamma

Na bi ta gidan Roda. Tukwane sun koma kan murhu. Wani ya hau ya toshe hujin rufin da kwalta, ta ce ba ta ga ko waye ba, tana coci. 'Yan'uwan mijinta sun ce ta koma Kagoro. Ta ce tumatur ɗin bana dai ya lalace, amma gonar tana nan, rabi nata rabi na Zuliha, za ta ga damina tukuna.

An yi yayyafi kaɗan.

Litinin, 29 ga Mayu, bayan an tashi

Joanna ta dawo. Ta zauna a kujerarta, ta fito da littafi. 'Yan ajin ba su san yadda za su yi da ita ba, sai Mansura ta tura mata biro ba tare da ta tambaya ba.

Halimatu Sa'adiyya ta tuna mini bashin amsarta, a hankali yau, ba tsiya. Na ce na duba, babu ƙashin arziki a cikin ɗari biyu da shidan. Ta ce to ko a ina yake? Na ce ban sani ba. Ta ce, "Malam bai sani ba!" Aka ɗan yi dariya.

Mutumin yumɓu yana nan a kan tabarma a bayan aji. Na ce rukuni na biyu su sake gina allon kafaɗa, na dama wannan karon, mu gyara shi kafin jarrabawa. Na ɗauki na hagun da ya yi yawa zan jefa a kwandon shara.

Joanna ta ce, "Malam."

Na tsaya.

"A bar shi."

Na mayar da shi cikin ɗan'uwansa, na ɗora su a kan taga. Muka shiga darasin ɓargo.